Geron da Inna Ta Shuka a Kasko

Bana sama ta yi mana rowa a Daura. Ruwa ɗaya aka yi, masu gaggawa suka ruga gona suka yi shuka, rana ta bi bayansu ta ƙone ta. Tun daga nan sai hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har mu kwashe shanya mu naɗe tabarmi, sannan iska ta zo ta watsa shi, a bar mu da gumi da kallon juna. Ni ba gona gare ni ba. Sana'ata saƙa ce da ulu da kwarashi, hulunan jarirai da safa da rigunan sanyi. Amma 'yar manomi ce ni, in ruwa ya ƙi sauka ko da abinci a tukunya ba na jin daɗinsa.

Kwanakin baya na ɗauko wani fasasshen kasko, na cika shi da ƙasa, na binne 'yan ƙwayoyin gero, na ajiye shi a inda nake alwala. Marka, 'yata ta fari da ta zo goyon ciki, tana zaune a inuwa ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana kallona.

"Umma, noma kika koma? A kasko? To Allah Ya sa mu ɗaure dami ɗari."

"Kore nake nema," na ce mata.

"Kore? Ga ulu nan cike da buhu a ɗakinki, wane irin kore ne babu?"

Na ce ta sha kununta ta ƙyale ni. 'Ya'yan yanzu baki gare su kamar rediyo. Amma da na durƙusa ina zuba wa kaskon ruwa, sai na ga bayan hannuna ya koma irin na Inna, jijiyoyi duk sun fito, kewarta kuwa ta kama ni.

An fi shekara ashirin ke nan. Lokacin shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, har aurena ma walima aka yi babu kalangu, abin da ƙawayena ba su yafe ba har yau. Aka kawo ni Daura daga ƙauyenmu da ke kusa da Babban Mutum. Da na samu ciki ya tsufa, aka mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Na bar gidanmu da rumbu biyu, na dawo na tarar an kware ɗaya kaji na kwana a ciki, ɗayan kuma in ka leƙa sai ka hango ƙasansa.

Fara ce ta yi mana wannan aiki. A kakar da ta wuce ta sauko daga arewa ta rufe rana, ta sauka a kan gero yana gab da nuna. Aka yi ta kaɗa gwangwani, aka yi ta hayaƙi, ba ta ko ɗaga kai ba sai da ta bar kara tsaye tsirara. An kama ta buhu-buhu an soya, Baba yana cewa tunda ta ci geronmu mu ma sai mu ci ta. To amma fara ba ta kai mutum bazara. Ƙannena maza duka suka tafi ci-rani kudu don a rage baki, gida ya rage daga Baba sai Inna, sai kuma ni da na zo da baki biyu.

Bazarar nan ban taɓa ganin irinta ba. Da an idar da sallar asuba Inna za ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ni ina biye da ita da ɗan bokiti don an hana ni ɗaukar nauyi. Rijiyar ta yi nisa har an ɗaura wa guga ƙarin igiya, abin da yake fitowa kuma rabinsa laka ne, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Da hantsi a dama kunun tsamiya tsararo, wanda in ka leƙa cikin ƙwarya za ka ga fuskarka. Daga nan sai rana ta buɗe. Ƙasa ba ta takuwa babu takalmi, iska in ta kaɗa kamar daga murhu ta fito, awaki su rakuɓe jikin katanga suna haki. Kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don kwance yunwa ta fi sauƙi. Da yamma ne ake ci sau ɗaya, wata rana tuwon dusa, wata rana kwaɗon busasshiyar tafasa, wata rana hanza, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciyu.

Ko a hakan ma ni ake tura wa kaso mafi yawa. Inna ba za ta ce mini "ci" ba. Sai ta turo kwanonta da ƙafa, ta juya fuska wajen bango ta ce, "A ce ma waccan ta cinye, ni na ƙoshi."

Waccan ni ce. Ni ce 'yarta ta fari, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a zamaninsu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," ko "waccan," ko in tana cikin nishaɗi, "baƙuwar Malam," wato Baba. Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in na yi ciwo ƙanwarta take turowa ta duba ni, ita tana bayan ɗaki tana saurare. Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Amma akwai ranakun da nake jin tana ƙwala wa ƙannena kira da sunayensu har maƙwabta su ji, in yi ta fatan a ce nawa ne.

Abin da bakinta ba ya faɗa, hannunta ne yake faɗa. Inna masaƙiya ce, irin saƙar mata ta tsaye da ake jingina masaƙa a bango. Audugarta take gurzawa, ta kaɗa zarenta da mazari, ta saƙa gwado da majanyi. A danginmu al'ada ce uwa ta saƙa wa 'yarta majanyin goyon fari da hannunta, fari mai ratsi. Wasu baƙin ratsi suke sawa, wasu ja. Na Inna kore ne, kuma ita take rina shi. Tana da tukunyar baba a bayan ɗaki, ta tsoma zare ya ɗauki shuɗi kaɗan, ya bushe, sannan ta dafa shi a ruwan saiwar rawaya, shuɗi da rawaya su haɗu su ba da kore.

Ba kowane kore ba kuma. Darbejiyar ƙofar gidanmu da ganyenta ko da rani, amma Inna ta ce wannan koren tsufa ne, ya cika duhu. Na gawo ta ce ya sha toka. Ita koren gero take so, lokacin da ya tasa ya fara kaɗawa da iska, domin a cewarta shi ne launin da ke gaya wa mutum bana zai ci. Yadda take gwada shi kuwa daga kakata ta gada. Ta ɗauki zaren da ta rina ta kai gona, ta rataya a kan ganyen gero, ta ja da baya ta duba. In ido ya tsinto shi, bai yi ba, a koma tukunya. In ya saje har ta neme shi ta rasa, to ya yi. Shi ya sa ba ta rinin kore sai da damina.

Shekarar nan kuwa ba ta da halin jiran damina. Kafin in zo, Baba ya kai ta asibiti saboda tana yawan karo da turmi da bakin ƙofa. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, an kuma zo a makare. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Gefe da gefe duk ya rufe, abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, hudar kuma kullum ƙara tsukewa take. Ta riga ta kaɗa zaren majanyina tun da sanyi. Kore kawai ya rage, ga ido na tafiya, ga sama ta ƙi.

A ɗakin Baba akwai wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu. Iri ne. Da farkon bazara an yi ruwan yaudara irin na bana, Baba ya shuka rabi ya ƙone, wannan shi ne saura. Ko yaron goye a ƙauye ya san dokar iri: a ci dusa, a ci ganye, a kwana haka, amma ba a taɓa shi.

Ranar da maza suka fita roƙon ruwa, sun juya rigunansu bai-bai sun nufi filin idi, Inna ta zauna tana jin tafiyarsu. Ta ce, ba da ni take ba, da bango take, "Da, mu mata ma mukan fita namu roƙon, tsofaffi su ɗaura walki su yi ta waƙa. Yanzu malamai sun ce babu kyau. To mai zaman gida ma ai Allah na jin shi." Da ƙafa ta ɗauke sai ta tashi ta lallaɓa ɗakin Baba. Ina kallo ta fasa liƙin tulun, ta ɗebo abin da yatsu uku za su ɗauka, ta kwaɓa sabon yumɓu ta mayar. Ta binne ƙwayoyin a fasasshen kasko, ta ajiye a inda take alwala, don ruwan da za a zubar shi zai shayar da su.

Ɗanyen yumɓu ne ya tona ta. Baba na dawowa, ko rigarsa bai juyo ba, ya fito da tulun a hannu.

"Wa ya taɓa tulun nan?"

"Ni ce, Malam."

"An ci?"

"Ba a ci ba. Shukawa na yi." Ta nuna kaskon da haɓa.

Baba ya dubi kaskon, ya dube ta, ya yi salati. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. "Mutane na sayar da garmarsu su sayi tiya guda, ke kina zuba iri a kasko don ado? Kowace ƙwaya nan zangarniya ce! Kin san haka ko ba ki sani ba?"

"Na sani. A kaina na ɗauko shi daga gona."

"To me ya kai ki?"

Inna ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Malam, idon nan ba zai kai damina ba, a gabanka aka faɗa. Ni kuwa ba zan ba waccan majanyi fari fat kamar likkafani ba, a shekara irin wannan, da cikin fari."

Baba ya juya ya mayar da tulun, ya fita zaure. Yinin ranar bai ci abinci ba, kwanaki kuma gaisuwa kawai ke haɗa su.

Wata safiya na fito sai na ga Inna a durƙushe, ta kai fuskarta har kusa da ƙasar kaskon, tana karkata kai kamar kaza don ta kamo abu ta 'yar hudar da ta rage mata. Sun tsiro. 'Yan tsinkaye sirara, kowanne da ɗigon raɓa a kansa. A gidan nan komai launin ƙasa ne, katanga, tabarma, awaki, har fuskokinmu, sai ga wannan abu yana sheƙi a tsakiya. Ban san ido ma yana jin ƙishirwa ba sai ranar.

Da azahar Baba ya shigo da butarsa. Maimakon ya tsuguna inda ya saba, sai ya zo kan kaskon ya yi alwalarsa, bai dubi kowa ba. Da la'asar ya dawo da ƙaya ya kewaye shi. "Tunda an riga an yi ɓarnar," ya ce, "kada kaji su ci banza." Inna ta rufe baki da gefen mayafi, na san dariya take.

Labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa, wai aron rariya, wai ɗibar wuta, sai su ɓige a kan kaskon su tsaya shiru. Akwai wata mata da ta tsallako daga Nijar da 'ya'yanta, tana bin gidaje tana surfe a biya ta da dusa. Ita da ta gani sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta shafa ganyen da bayan yatsa, ta ce su a garinsu har irin sun cinye. Inna ta ɗebo mata hanza daga tamu.

Da geron ya kai tsawon tafin hannu aka fara rini. Ruwan da za a sha ma aune yake, don haka Inna ta rage wanka ta zuba a tukunyar baba. Warin tukunyar nan, ga zafi, ga ciki, sau nawa na ruga bayan ɗaki ina kelaya amai. Saiwar rawaya kuwa tana can a fako, ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Mun je da Inna mun kasa, washegari muka tarar da tulinta a bakin murhu, Baba yana zaure yana ɗaure tafin hannunsa da tsumma, wai ƙaya ce ta soke shi.

Na farko ya yi duhu. Inna ta rataya shi a kan ganyen, ta ja baya kaɗan, ta karkata kai, ta ce, "Darbejiya." Na biyu rawaya ta yi yawa, ta ce wannan ai kashin jariri ne, ba ta fara goyon ba tukuna balle a kawo mata shi. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Zaren da ya ɓaci ba ya komawa fari, abin da ta kaɗa kuma ba yawa gare shi ba, kowane gwaji yana cin rabonsa.

A na uku ta daɗe tana karkata kai, ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa. Sai ta zauna ta ce wa bango, "A tambayi masu ido."

Na gane abin da ya faru, hudar ta kusa rufewa. Na dubi zaren, yana da kyau ƙwarai, kowace mace za ta yi murna da shi. Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "Kada kuma a ji tausayina."

"Ina ganin shi, Inna," na ce. "Ya ɗan fi ganyen duhu. Kaɗan."

"To bai yi ba."

Curi ɗaya ya rage. Kafin tukunyar baba ta sake nuna, geron kasko ya fara gajiya, saiwa ta rasa wurin zuwa, bakin ganye ya yi ja, sannan duka ya yi yaushi ya kwanta. Baba ya yi ta ƙara masa ruwa, a banza. Ranar da Inna ta rina curin ƙarshe babu abin gwadawa, babu kuma idon gwadawa. Ta tsoma shi tana motsa baki tana tasbihi, da shi take auna daɗewarsa a ciki, ta shinshina ruwan rawaya, ta ɗanɗana a harshe, ta ƙara saiwa kaɗan. Da ya bushe na ce mata wallahi ya yi kama da geron sak.

"Ba a kan igiyar shanya ake gane shi ba," ta ce.

Haka ta saƙa majanyin da lalube. Ni nake miƙa mata koren in an zo wurin ratsi, ita kuma yatsunta su bi wadari zare bayan zare. Har yau in na ji ana sara itace daga nesa sai in tuna ƙarar akwasha, itacen da take buga saƙa da shi, tana faɗuwa a hankali cikin zafin rana, mu duka cikinmu babu komai. Ta gama, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Babu wanda ya san ko koren ya yi.

Ruwa ya sauka wata la'asar, bayan mutane sun fara fid da rai. Iska ta fara kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun kafin ɗigo ya faɗo, Inna ce ta fara ji, ta ce a fito da tukwane. Aka yi shi kamar da bakin ƙwarya. Baba ya tsaya a tsakar gida babu hula, ruwa na dukansa, yana ta hamdala. Da sassafe ya fasa tulun, ya saɓi sungumi, ni da cikina na bi shi ina jefa iri ina rufewa da ƙafa, sai da ya rantse sannan na koma gida. Ba a jima ba na haihu. Inna ta karɓi jaririyar ta bi fuskarta da yatsa, goshi, hanci, leɓe, don a lokacin haske da duhu kawai take bambancewa. Ruwa bai ƙara tsayawa ba, shi ya sa ta yi mata laƙabi da Marka.

Yunwa ba ta tafi don ruwa ya sauka ba, gero a gona ba ya shiga tukunya. Baba ya sayar da akuyarmu ta ƙarshe don a sami na kunun kanwa da itacen wankan jego. Amma tafasa ta fito ɗanya, rama ta fito, yaɗiya ta hau shinge, bakinmu ya sake sanin ɗanyen ganye.

Da na yi arba'in, ana gobe za a mayar da ni Daura, Inna ta ce a kai ta gona. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Ita da kanta ta ɗora mini Marka a baya, ta ɗaura zane, ta ɗauko majanyin ta zagayo da shi ta ƙulle mini a ƙirji, tana jan ƙullin da ƙarfi kamar mai jin haushi. Baba ya riƙe kan sanda ita ta riƙe gindin, muka ratsa gari mutane na gaishe mu.

Geron ya kawo ƙirji. Duk inda ka duba kore ne har inda sama ta sauka, ganye na ɗigar da ruwa, iska na bi ta kansa. Ni na gani, Baba ya gani. Inna ta tsaya a bakin gona ta miƙa hannu ta kama ganye ɗaya, ta murza shi, ta kai hanci.

"A shiga ciki," ta ce. "A yi nisa, a juya baya."

Na kutsa cikin kunya-kunyar gero, raɓa na jiƙa mini zane, na tsaya na ba su baya. Ina jin su.

"Malam, me ka gani?"

"Ina ganin kan jaririya. Ina ganin farin majanyi."

"Koren fa?"

Na ji takun Baba yana ɗan matsowa.

"Masaƙiya," ya ce, don haka yake kiran ta in yana son tsokana, amma ranar muryarsa ba ta tsokana ba ce, "sai ka ce an tsaga majanyin gero ya leƙo ta ciki. Ban ga inda zare ya ƙare ganye ya fara ba."

"Kada ka yi mani ƙarya, Malam."

"A bakin gonar da nake roƙon Allah abinci zan yi maki ƙarya?"

Sai na ji dariyarta, irin wadda rabon da in ji tun kafin fara. Na waiwayo. Ta saki sandar, ta miƙa hannu tana nema na, amma wajen da ba na nan. Ta ce, "Ke." Iska ta kaɗa ganye ta haɗiye maganar. Ta juya wani gefen ta sake cewa, "Ke, ina kike?" Gero ya amsa mata ta ko'ina. Sai ta ɗaga murya, yadda take ƙwala wa ƙannena kira.

"Hajara!"

"Na'am!" na ce, tun kafin ta rufe baki. Na taho da gudu ina ture ganye, Marka na tsalle a bayana. Ta kama ni, ta lalubo ratsin majanyin ta shafa, hannunta ya hau kafaɗata, ya kai kumatuna ya ɗan tsaya. Sannan ta janye shi ta gyara mayafi.

"A tafi gida," ta ce. "Rana ta yi."

Ba ta ƙara kiran sunana ba. Ta yi 'yan shekaru bayan nan, ina zuwa ina dawowa, ni ce dai waccan har Allah Ya karɓi abinsa.

Ni ban gaji masaƙarta ba, a birni babu mai jiran gwado, sai na koyi kwarashi. Amma duk abin da na saƙa sai na ratsa masa kore, masu saye har sun san ni da shi. Yanzu kore ba wuya, ka shiga kasuwa a zube maka kala-kala, babu wari, babu haƙar saiwa. Matan yanzu kuma suna kiran 'ya'yansu na fari da suna gatsal, har su rungume su a ɗauki hoto. Ni na tsaya a tsakiya, ina hira da Marka muna dariya, amma sunanta na yanka bai taɓa fita bakina ba.

Jiya geron kaskona ya kai tafin hannu. Na kwaso ulu na jera a kansa ɗaya bayan ɗaya ina ja da baya. Kowanne yana nan ɓaro-ɓaro, wani ya cika haske, wani ya cika duhu, babu wanda ya ɓace. Sai na buɗe akwati na ciro majanyin, ko zan kwaikwaya daga jikinsa. Na daɗe ban warware shi a rana ba. Ashe rawaya ba ta da riƙo irin na baba, wanki da shekaru sun tafi da ita.

Marka ta karɓa ta juya shi. "Umma, wannan ne koren da kike faɗa? Ai shuɗi ne."

"Kore ne," na ce.

Ta dube ni, ta ga fuskata, ba ta ƙara musu ba. Ta ninke shi ta ɗora a kan cikinta ta ce da shi za ta yi goyo, ba ta son sabo.

Ban san adadin rawayar da Inna ta ƙara ranar nan ba, ban san tasbihi nawa ta ja ba, babu kuma wanda zan tambaya. Wannan na haƙura da shi. Abin da ke dawo mini duk shekarar da ruwa ya makara shi ne saurin da na yi na amsa. Da zan sake tsayawa cikin geron nan, da raɓa a zanena da 'yata a baya, sai in yi shiru abina in ɗan ɓuya a cikin ganye, don ta sake kira.